Saƙon da Ban Isar wa Bubu Ba

Litinin, 3 ga Disamba

Jiya na dawo gida hutu. Kwalekwalen injin ya cika maƙil, a kan buhun shinkafa na zauna tun daga Lae har Bumase, na iso a jiƙe sharkaf.

Bubu ya rame. Mama ta gaya mini a waya cewa kakana yana tari, amma ba ta ce abin ya kai haka ba. Ƙasusuwan wuyansa duk sun fito. Bakin nan dai yana nan. Yana hango ni ya ce, "Ga Baturiyata ta sauka! A shimfiɗa mata tabarma, kada yashi ya ɓata mata ƙafa." Kowa ya yi dariya, ni kuwa na sunkuyar da kai. Da can nakan rama. Tun da na shiga makarantar kwana bakina ya yi nauyi a gida, ban san dalili ba.

Laraba, 5 ga Disamba

Anti Bingisa ta kira ni ɗakin shan magani. Matar Baffa Tinga ce, ƙanin Babana, kuma ita kaɗai ce ma'aikaciyar lafiya a garinmu. Sista ake ce mata. Ita ta ɗinke wa ƙanina goshi bara.

Ta ce an gwada kakin Bubu da ta aika Lae, tarin fuka ne. Magani wata shida, kowace safiya kafin ya ci komai, kuma dole wani ya ga ya haɗiye da idonsa. Matsalar ita ce Bubu tambunta ne, wato surukinta, uban mijinta. Ba ta faɗin sunansa, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, ba ta hawa baranda in yana zaune a kai. Akwai wani kifi da sunansa ya yi kama da na Bubu, har yau sai dai ta ce "mai jan wutsiyar nan". Mama ma haka, ita ma matar ɗansa ce. Baba da Baffa suna aikin gonar manja a Kimbe, sai Ista za su zo. Gwaggo Awilo kuma, 'yarsa, tana aure can saman kogi.

"Saura ke, Geyamo," ta ce. "Jika ba ta da shamaki. Ni zan tsaya a ƙasan tsani in ba ki ƙwayoyin, ke ki hau ki ba shi."

Sai ta rage murya, duk da mu biyu ne a ɗakin. "Kuma ki gaya masa tun yau, maganin zai mai da fitsarinsa ja, kamar an zuba manja. Ba jini ba ne. Ki faɗa masa da kyau, kin ji? Tsofaffi in suka ga ja hankalinsu tashi yake yi. Ni ba zan iya ambaton wannan abin a gaban tambuna ba, gara ƙasa ta haɗiye ni."

Na ce to.

Alhamis, 6 ga Disamba

Ya sha na farko. Jajaye ne, manya-manya. Ya leƙa ƙasa ya ce, "Tambu, waɗannan duwatsun murhu ne ko magani?" Anti ta juya baya tana ƙunshe dariya.

Na buɗe baki zan isar da saƙon, sai abokinsa tsoho Kamake ya hau yana neman buai, goron nan namu da ke sa yawu ya yi ja. Gobe.

Asabar, 8 ga Disamba

Ban faɗa ba.

Na je bakin teku ni kaɗai na gwada. "Bubu, fitsarinka..." Ko ga kaguwa ma sai da na ji fuskata ta yi zafi. A jarrabawa na zana ƙoda da mafitsara na sa musu sunaye, malama har ta yaba. Amma can a takarda ne, takarda ba ta ɗago ido ta kalle ni.

Anti ta tambaye ni a ƙasan tsani, "Kin gaya masa?" Na ɗaga kai. Ban ce e ba. Kai kawai na ɗaga.

Talata, 11 ga Disamba

Yau ranar awon jarirai ce. Mama ta aike ni in kai wa Anti dafaffen gwaza, na same ta a gindin mangwaro ta rataye sikeli a reshe, mata sun kewaye ta. Ta san sunan kowane yaro da wanda ya tsallake rigakafi. Kamake ya zo da ƙafarsa da ya sara da adda, yana ta raki.

"Sista, wannan ruwan wankin ciwon naki ya fi ƙayar kifi zafi!"

"Bubu Kamake, ranar da ka gane bambancin ƙafarka da gindin ayaba, ranar zan daina."

Daga nan ta ɗauki jakarta ta nufi gidan Tibao mai tsohon ciki. Gwazan ya huce ba ta ci ba.

Juma'a, 14 ga Disamba

Bubu ya daina tsokanata. Yau da na miƙa masa ƙwayoyin ya daɗe yana juya su a tafin hannu.

"Daga ina tambuna take samo wannan?"

"Daga Lae, Bubu."

"Ke kika gani da idonki?"

Ya watsa su baki, nan take ya bi da buai, duk da Anti ta hana shi tauna shi. Ban kalli bakinsa ba. Gaskiya ban taɓa kallo ba tun ranar farko, ƙasa nake kallo har ya gama. Ta yaya zan zura wa tsoho ido yana haɗiya?

Litinin, 17 ga Disamba

Ina share ƙarƙashin gida na gan su. Cikin jan yawun buai da yake tofarwa ta tsakanin katakon baranda, ga ƙwayoyin nan, rabinsu ya narke. Ja cikin ja, in ba mutum ya durƙusa ba ba zai gani ba. Na kwana da kwanaki ne.

Na tura musu yashi da ƙafa.

Na san dalili, na sani sarai. Amma in na faɗa yanzu za a ce me ya hana tun farko. Kullum sai ya ƙara nauyi.

Asabar, 22 ga Disamba

Gwaggo Awilo ta zo Kirsimeti. Ta daɗe a ɗakin Bubu, ta fito fuskarta a murtuke. Ko gaisuwar Mama ba ta amsa ba.

Lahadi, 23 ga Disamba

Ban san yadda zan rubuta yau ba.

Bayan an tashi daga coci Gwaggo ta tare Anti a tsakar gidanmu, mutane suna wucewa. Bubu yana baranda.

"Ke 'yar Awasu, me kike ɗura wa Babana?"

"Maganin tari, Yaya. Lafiya?"

"Maganin tari ne ke sa mutum fitsarin jini? Da yana haɗiya jini yake zuba. Da ya daina, ya tsaya cak. Bayyana mana wannan, tun da ke kika yi karatun."

Anti ta dafe ƙirji. "Ya daina? Tun yaushe ya daina?" Abin da ya fara damunta ke nan. Sai daga baya ta ce ba jini ba ne, launin maganin ne, kowa haka yake gani, kuma ta aika masa tun kafin ya fara.

Gwaggo ta ɗaga kai sama. "Baba, an gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya mini komai."

"Geyamo na aika," in ji Anti, hankalinta kwance, don ta tabbata da ni.

Duk suka juyo. Mama, Gwaggo, matan coci da laimominsu, har fasto. Gwaggo ta ce, "Yi magana mana, 'yar boko, ta aike ki ko ba ta aike ki ba?"

Na ce, "Ban tuna ba."

Ni na ce haka. Da bakina.

Anti ta kalle ni. Ba harara ba ce, da harara ce da ya fi sauƙi. Ta ce, "To." Ta gyara jakarta ta tafi.

Talata, 25 ga Disamba

Kirsimeti. An yanka alade. Anti da 'ya'yanta ba su zo ba.

Alhamis, 27 ga Disamba

Maganar ta zaga gari. A bakin rijiya ana cewa sammu ne, wai Anti tana so tsohon ya mutu gonar kwakwarsa ta koma hannun mijinta. Wata ta tuno jaririn da ya rasu bara, wai ai Sista ce ta ƙarshe da ta riƙe shi. E mana, ita ce ta ƙarshe, ita ce ta yini tana ƙoƙarin sa shi ya yi numfashi! A zuciyata na faɗi wannan. A fili bokitina kawai na cika.

Har yanzu tana zuwa ƙasan tsani kowace safiya da ƙwayoyi a hannu. Gwaggo tana kora ta. Tana tafiya, gobe ta dawo.

Mama ta same ni ina goga kwakwa, ta ce a hankali, "Da gaske ba ki tuna ba?" Na ce kaina ke ciwo. Ita ma ba ta da bakin magana a gidan nan, baƙuwa ce kamar Anti.

Talata, 1 ga Janairu

Mun tashi mun tarar an jefi rufin ɗakin shan magani. Gilashin hasken ranar da ke riƙe firjin rigakafi ya fashe. An ɗaure ganye a ƙofar, alamar ba shiga. Ba wanda ya san wanda ya yi, wai.

Laraba, 2 ga Janairu

Yayyen Anti maza sun zo daga Awasu da kwalekwale. Ba su gaisa da kowa ba. Sun kwashe katifa da tukwane da yaran.

Kafin ta shiga ruwa ta kira Mama gefe ta ba ta kwalin maganin. "Na tambu ne. Ko ya ƙi, ki ajiye inda ba danshi." Ni ina tsaye bayan wani kwalekwale da aka kife. Ta gan ni. Ta ce, "Ki yi karatu da kyau, Geyamo."

Da ma zagina ta yi.

Talata, 8 ga Janairu

Yau ya kamata a yi awon jarirai. Igiyar sikelin tana nan a reshe.

Ɗan maƙwabtanmu ya yi zazzaɓi har ya sanƙare. Uwarsa ta ruga ɗakin shan magani, sai da ta ga ganyen sannan ta tuna. Da filafili suka tuƙa shi Awasu don ba man fetur. Ya rayu. Da suka dawo aka tambayi uban wa ya duba shi, ya ce, "Wata mata." Ƙafar Kamake ta kumbura tana wari, yana ɗaure ta da ganyen ayaba. Tibao ta kusa haihuwa.

Ba mai ambaton sunanta. Garin duka ya mai da ita tambu.

Juma'a, 11 ga Janairu

Bubu ya yi tarin jini. Wannan kam jini ne na gaske, ni na wanke zanen.

Asabar, 12 ga Janairu

Na faɗa.

Ba jarumta ba ce. Na kai masa ruwan zafi, na ga yadda hannunsa ya kasa riƙe kofin, sai maganar ta zubo da kanta. Na ce Anti ta aike ni tun ranar farko, ni ce ban isar ba, kuma na tuna sarai ranar Lahadin nan.

"Me ta ce ki faɗa mini?"

"Wai maganin zai mai da... wai zai yi ja."

"Me zai yi ja?"

"Fitsarinka, Bubu."

Ya daɗe yana kallona. Sai ya fara dariya, dariyar ta koma tari, har na tsorata.

"Fitsari? Fitsari ne ya fi ƙarfin bakinki? Ke da kika yi mini shi a cinya a cikin coci, ranar baftismarki, sai da na koma gida na canza zane!"

Na fashe da kuka. Shi kuma ya daina dariya. Ya juya fuskarsa bango. Can ya ce, "Kin san abin da muka yi wa matar nan?" Bai ce kin yi ba. Muka, ya ce. "Je ki kira mini Awilo."

Gwaggo ta ji, ta riƙe baki. Sai ta ce, "To ita ma me ya sa za ta aiki yarinya da magana mai nauyi haka?" Bubu ya daka mata tsawa, "Wa kike so ta aika? Kaza?" Daga baya na ga Gwaggo zaune a bayan madafa, ta rufe kanta da zane.

Litinin, 14 ga Janairu

An tafi da Bubu asibiti a Lae. Gwaggo ce ta raka shi. Sun kwantar da shi, za a soma maganin daga farko.

Laraba, 16 ga Janairu

Gwaggo ta bugo wa Mama waya. Wai tun kafin a ba shi ƙwayar farko nas ta ce, "Baba, za ka ga fitsarinka ya yi ja, kada ka damu." A gaban kowa, tana ma cin biskit. Bubu ya karɓi wayar ya ce a gaya wa Baturiyarsa ta tashi a coci ta faɗi abin da ta faɗa masa. Ba roƙo yake ba.

Lahadi, 20 ga Janairu

Na tashi bayan sanarwa. Na faɗa duka, har kalmar. Yaran benci na gaba suka ƙyalƙyale, wata tsohuwa ta buge su da mafici. Manya ba su yi dariya ba. Wasu mazan suna kallon ƙafafunsu, ina jin na san waɗanda suka yi jifan.

Da aka fito Kamake ya ɗingiso ya ce, "Yarinya, kin makara, amma kin fi mu. Mu har yanzu ba mu tashi ba." Da yamma ya je ya kwance ganyen ƙofar da hannunsa.

Alhamis, 24 ga Janairu

An je Awasu ba da haƙuri. Fasto, dattawa, Mama da ni. Mun kai reshen buai da gwaza da aladen da Bubu ya ce a ɗauka daga nasa.

Babban yayan Anti ya bar mu a rana sai da muka yi gumi. "Kun kawo alade. In gobe wani tsohonku ya yi atishawa mai launi fa, me za ku jefa mata? Mashi?" Fasto ya yi ta ba da haƙuri.

Anti ta fito daga ɗakin shan maganinsu hannunta da sabulu. Ma'aikacinsu ya tsufa, sun riga sun nemi a bar musu ita. Ta karɓi buai ta fasa ta tauna, wato ta yafe. Sai kowa ya saki jiki, wani dattijo har ya fara maganar ranar da za a turo kwalekwale.

"Ba zan dawo ba, Fasto," ta ce. "Na yafe, amma 'ya'yana suna ɗakin da aka jefa. Ƙaramar har yanzu in kwakwa ta faɗo a rufi sai ta shige ƙarƙashin gado. Duk mara lafiyan Bumase da ya zo nan zan duba shi. Ku turo mini Tibao da wuri, kada ku jira naƙuda."

Da za mu tafi ta riƙe ni a bakin ruwa.

"Tambuna yana haɗiyewa?"

"Yana haɗiyewa, Anti. Nas tana buɗe masa baki ta duba."

Ta yi murmushi kaɗan. "Ranar da kika ɗaga mini kai, na ga ba ki haɗa ido da ni ba. Ya kamata in sake tambaya, sauri nake yi. Wannan nawa ne." Ta ƙara da cewa, "Amma ranar Lahadin nan, Geyamo, ta yi mini zafi. Ba zan ɓoye miki ba."

Na ce ki yi haƙuri. Ta ce ta ji. Ba ta rungume ni ba, ta dai gyara mini wuyan riga.

Asabar, 2 ga Fabrairu

Na koma makaranta. Na biya ta asibiti, Bubu ya ɗan yi kumari, yana faɗa da nas a kan buai.

Lahadi, 17 ga Fabrairu

Mama ta bugo. Ba a tura Tibao da wuri ba, an ce a jira a tara kuɗin fetur. A cikin kwalekwale ta haihu, a tsakiyar ruwa, Gwaggo da ta dawo daga Lae ce ta riƙe ta. Ita da jaririn suna raye. Mama ta ce da suka isa Awasu, Gwaggo ce ta ruga tana ƙwala kira, "Sista! Sista!" An nemi gunduma ta turo wani ma'aikaci Bumase, an ce babu a ƙasa, wataƙila baɗi. Baffa Tinga in ya dawo Awasu zai zauna.

Na daina cewa in Anti ta dawo.

Yaling, mai gadon da ke sama da nawa, tana tari tun da muka dawo, ta ce mura ce, kada in gaya wa kowa don za a guje ta. Ranar Juma'a na gaya wa matiron mai kula da ɗakunan kwananmu. An kai ta gwaji. Yanzu ba ta yi mini magana, ta ce wa 'yan ɗakinmu ni munafuka ce mai dogon baki, duk sun ɗauke mini kai a wurin cin abinci.

Ba wani abu ba ne. Hanyata ce kawai ta bi ta ƙofar matiron. Gobe in Yaling ta ƙi zuwa karɓar sakamakon, zan tsaya mata a bakin gado har ta sauko.